Yadda tsadar haya ke korar gidajen rawa daga tsofaffin masana'antun Berlin

A ƙarshen shekarar 2024 ne gidan rawa na Watergate, wanda ya shafe shekara 22 a bakin kogin Spree da ke birnin Berlin na ƙasar Jamus, ya kashe fitilunsa a karo na ƙarshe. Ba hukuma ce ta rufe shi ba, ba kuma gobara ko rigima ce ta tashe shi ba. Masu shi sun ce lissafi ne ya daina fita: kuɗin haya ya hau, wuta ta yi tsada, albashin ma'aikata ya ƙaru, masu zuwa kuma sun ragu.

Abin mamakin shi ne, wata tara kafin wannan rufewa, a watan Maris na 2024, hukumomin Jamus sun shigar da kiɗan tekno na Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasar, jerin da hukumar UNESCO reshen Jamus ke kula da shi tare da ministocin al'adu. Ke nan a shekara guda aka karrama sana'ar, a shekarar kuma ɗaya daga cikin manyan gidajenta ya durƙushe. Wani binciken jin ra'ayi da ƙungiyar masu gidajen rawa ta birnin, Clubcommission, ta fitar a ƙarshen 2024 ya nuna cewa kusan rabin gidajen da suka amsa tambayoyi suna tunanin rufewa cikin shekara ɗaya.

Ga mai karatun da rayuwar dare irin ta Turai ba ta dame shi ba, lamarin zai iya zama kamar labarin nishaɗin wasu can. Sai dai a ƙarƙashin ƙarar kiɗan akwai batun da kowane ɗan kasuwa da kowane ma'aikacin tsara birane ya sani: wane ne ke raya wurin da aka watsar, kuma wane ne ke cin riba bayan wurin ya yi daraja?

Daga Detroit aka ɗauko kiɗan

Tekno, wanda ba shi da wata alaƙa da wayar salular nan ta Tecno, kiɗa ne da ake haɗawa da na'urori, mai bugu ɗaya da ke maimaituwa ba tsayawa, kuma galibi babu waƙa a cikinsa. Ba a Jamus aka haife shi ba. Matasa baƙar fata ne suka ƙirƙiro shi a birnin Detroit na Amurka a shekarun 1980, kuma sunayen da aka fi ambata su ne Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson.

Detroit a lokacin birni ne da ke zubewa. A nan ne cibiyar ƙera motocin Amurka take, gidan Ford da General Motors da Chrysler, amma kamfanoni sun yi ta kwashe ayyukansu zuwa wasu wurare. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950 ya koma ƙasa da 700,000 a ƙidayar 2020, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa biyan basukanta. ’Ya’yan ma'aikatan waɗannan masana'antu ne suka mayar da amon inji ya zama kiɗa. A gida ba su sami kasuwa mai yawa ba. A Turai suka same ta, musamman a Berlin.

Kangon da ya zama jari

Da katangar Berlin ta faɗi a ranar 9 ga Nuwamba, 1989, birnin ya wayi gari da abin da babu wani babban birnin Turai da ke da shi: gine-gine barkatai a tsakiyar gari waɗanda babu mai amfani da su. Kamfanonin gwamnatin Jamus ta Gabas sun faɗa hannun hukumar Treuhand, wadda aka ɗora wa alhakin sayar da dubban masana'antu, kuma da yawa daga cikinsu rufewa suka yi. A Yammacin Berlin ma, tallafin da ya riƙe masana'antu a zamanin yaƙin cacar baka ya ƙare. Cikin shekara goma sha, birnin ya rasa fiye da rabin ayyukan masana'antunsa.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne rashin tabbas kan mallaka. Gine-gine da dama an ƙwace su ne daga hannun Yahudawa a zamanin ’yan Nazi, sannan gwamnatin kwaminisanci ta sake ƙwace su bayan yaƙi. Kafin a tantance magada a kotu, sai shekaru su shuɗe. A wannan tsakanin ne matasa suka riƙa shiga rumbunan ajiya da tashoshin wuta da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wasu da izinin wucin gadi na ’yan watanni, wasu kuma babu izinin kowa. Suka ja wayar wuta, suka kafa lasifika.

Haka Tresor ya samu. A watan Maris na 1991 Dimitri Hegemann da abokansa suka buɗe shi a ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa na tsohon kantin Wertheim, kusa da dandalin Potsdamer Platz, a daidai inda katanga ta ratsa. Sunan ma ma'anarsa ke nan, wato taskar ajiya. Nan ne makaɗan Detroit irin su Jeff Mills da ƙungiyar Underground Resistance suka sami dandalin da ba su da shi a garinsu, nan kuma matasan Gabas da na Yamma suka fara cakuɗuwa tun kafin ’yan siyasa su gama daidaita ƙasar a kan takarda.

Akwai kuma gadon doka da ya taimaka. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe mashaya da gidajen rawa a Yammacin Berlin, bayan wani mai otel, Heinz Zellermayer, ya shawo kan kwamandan sojojin Amurka na birnin. Bayan haɗewar ƙasa, wannan sassauci ya game birnin gaba ɗaya. A Detroit ƙarfe biyu na dare ake daina sayar da abin sha, a Berlin kuwa babu agogon da ke tsayar da kowa. Shi ya sa gidan Berghain, wanda aka buɗe a 2004 cikin wata tsohuwar tashar samar da zafi ta shekarun 1950 a unguwar Friedrichshain, yake fara shagalinsa a daren Asabar ya kai har safiyar Litinin.

Kuɗin da dare ke kawowa

A farkon shekarun 2000 Berlin birni ne mai fama da talauci idan aka auna shi da takwarorinsa. Bashin da ke kansa ya kai wajen Yuro biliyan 60, rashin aikin yi kuma ya kai kashi 19 cikin 100 a 2005. Magajin garin na wancan lokaci, Klaus Wowereit, ya yi wata magana a 2003 da ta zama take, inda ya siffanta birnin da matalauci amma mai jan hankali. Abin da yake nufi shi ne, tunda babu masana'anta, to a sayar wa duniya da sunan gari.

Dabarar ta ci. Jiragen sama masu araha irin su easyJet da Ryanair suka riƙa sauke matasa daga Landan da Madrid da Milan kowace Juma'a, su koma gida ranar Litinin. Bikin rawar kan titi na Love Parade, wanda ya fara da mutum kusan 150 a watan Yuli na 1989, ya tara kimanin miliyan ɗaya da rabi a 1999. Wani nazari da Clubcommission ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa baƙi kusan miliyan uku ne suka zo Berlin a 2018 saboda gidajen rawa, suka kuma kashe kimanin Yuro biliyan 1.48 a birnin.

Alƙalamin da ya fi muhimmanci a nazarin shi ne wanda ba a cika ambata ba. Daga cikin wannan kuɗi, abin da ya shiga aljihun gidajen rawar kansu bai wuce Yuro miliyan 168 ba, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin goma. Sauran ya tafi ga otel-otel da gidajen abinci da masu tasi da kantuna. Gidajen rawar, waɗanda ke ɗaukar ma'aikata kusan 9,000, su ne ke jawo ciniki, amma wasu ne ke kwasar kaso mafi tsoka.

Kura da shan bugu

Ribar da ta fi kowace girma kuwa masu filaye ne suka same ta. Unguwar da jiya babu mai son ratsa ta da dare, da zarar ta yi suna, sai masu shagunan shayi da masu zane-zane su biyo baya, sai kamfanonin fasahar zamani, sai kuma masu gina dogayen benaye. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kama shago a lungun da babu kowa, ya yi haƙuri har ciniki ya buɗe, sannan mai shagon ya zo ya ninka masa haya, ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaɓar kogin Spree ita ce babbar shaida. Gidan Ostgut, wanda daga gare shi Berghain ya samo asali, an rufe shi a 2003, aka rushe wurin domin gina katafaren zauren wasanni da aka buɗe a 2008, wanda yanzu ake kira Uber Arena. Tresor ya bar taskarsa ta asali a 2005 bayan an sayar da filin, sai a 2007 ya sake buɗewa a wata tsohuwar tashar wutar lantarki da ke titin Köpenicker. A watan Yuli na 2008 mazauna gundumar Friedrichshain-Kreuzberg sun kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan shirin gine-ginen da aka yi wa laƙabi da Mediaspree, inda kashi 87 cikin 100 na masu zaɓe suka nemi a bar wa jama'a bakin kogi. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin tilastawa, gine-gine kuma suka ci gaba. Yau, kusa da gadar Warschauer, akwai bene mai tsawon mita kusan 140 da kamfanin Amazon ya kama haya, yana kallon tsohon filin gyaran jiragen ƙasa na RAW, wanda aka kafa a 1867 kuma ya zama matattarar gidajen rawa bayan an daina aiki a cikinsa.

Gwamnatin birnin ma tana da nata laifin. Domin rage bashi, ta yi ta sayar da kadarorinta da araha. A 2004 ta sayar da kamfanin gidaje na GSW, mai gidaje kimanin 65,000, a kan Yuro miliyan 405. Da jama'a suka ƙaru daga kusan miliyan 3.4 zuwa kusan miliyan 3.9, kuɗin hayar sababbin gidaje ya ninka fiye da sau biyu, hukuma kuma ta tarar ba ta da isassun filayen da za ta daidaita kasuwa da su. Dokar ƙayyade haya da birnin ya kafa a 2020, kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke ta a watan Afrilun 2021. Ko da ma ta tsaya, gidajen kwana kawai ta shafa. A dokar Jamus, ɗan hayar wurin sana'a ba shi da irin kariyar da mai hayar gida yake da ita: idan yarjejeniya ta ƙare, mai gini yana iya sa farashin da ya ga dama ko ya ce a tashi. Ta haka gidan Griessmuehle da ke Neukölln ya rasa matsuguninsa a farkon 2020.

Yanzu kuma ga hanya. A watan Agusta na 2025 aka buɗe sabon ɓangaren babbar hanyar mota ta A100, mai tsawon kilomita 3.2, wanda ya ci sama da Yuro miliyan 700. Ɓangare na gaba da gwamnatin tarayya ke shiryawa zai haye kogin ya ratsa ta yankin tashar Ostkreuz, inda gidajen rawa da dama suke. Dubban mutane sun fito zanga-zangar kiɗa da rawa a kan titi a watan Satumba na 2023 domin adawa da shirin. Masu goyon bayansa, ciki har da jam'iyyar CDU ta magajin gari Kai Wegner, suna cewa gabashin birnin na buƙatar hanyar domin rage cunkoso a cikin unguwanni.

Yabo ba ya biyan haya

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. A 2018 birnin ya ware Yuro miliyan ɗaya domin taimaka wa gidajen rawa su toshe ƙarar da ke fita zuwa maƙwabta. A 2020 babbar kotun haraji ta tarayya ta yanke hukuncin cewa daren tekno daidai yake da taron kaɗe-kaɗe na al'ada, don haka harajin kashi 7 cikin 100 za a biya a kan kuɗin shiga maimakon kashi 19. A watan Mayu na 2021 majalisar dokoki ta Bundestag ta buƙaci a daina lissafa gidajen rawa masu tsarin kiɗa a rukuni ɗaya da gidajen caca, a mayar da su cikin wuraren al'adu kamar gidajen wasan kwaikwayo.

Amma aiwatar da wannan ƙuduri ya yi ta jan ƙafa, har gwamnatin haɗaka ta Olaf Scholz ta wargaje a watan Nuwamba na 2024 ba a kammala gyaran dokar gine-ginen ba. Shi kuwa shiga jerin al'adun gado, wanda ƙungiyar Rave the Planet ta Dr. Motte, mutumin da ya assasa Love Parade, ta yi fafutukar samu, jeri ne na cikin gida, ba na duniya ba. Ba ya zuwa da ko sisi, ba ya kuma hana mai gini korar ɗan haya. Ya ma jawo ƙorafi daga masu ganin cewa an karrama Berlin an manta da baƙaƙen fatar Detroit da suka ƙirƙiro kiɗan. A ƙarshen shekarar da aka yi karramawar, gwamnatin birnin ta zabtare kimanin Yuro miliyan 130 daga kasafin al'adu na 2025, kuma kwamishinan al'adu Joe Chialo, wanda shi kansa daga harkar kiɗa ya fito, ya ajiye aiki a watan Mayu na 2025 saboda batun ragin.

Sauran dalilan

Zai zama rashin adalci a ɗora komai a kan masu gine-gine. Annobar korona ta rufe gidajen tun daga watan Maris na 2020, aka shafe fiye da shekara babu ciniki. Kafin su farfaɗo, yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin makamashi a 2022, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma Yuro 12 a kowace awa a watan Oktoban shekarar. Manyan masu juya faifai, waɗanda aka fi sani da DJ, sun ƙara kuɗinsu. Dole kuɗin shiga ya tashi, har Yuro 20 zuwa 30 ya zama ruwan dare, abin da ya fi ƙarfin ɗalibai da ƙananan ma'aikatan da su ne tushen harkar. Kamfanonin jirage masu araha ma sun rage zirga-zirga zuwa sabon filin jirgin birnin, suna kuka da yawan haraji da kuɗaɗen sauka.

Su kansu matasan sun sauya. Waɗanda suka balaga a cikin kullen korona ba su saba da fitar dare ba, da yawansu kuma ba sa shan barasa kamar na gabansu, alhali daga cinikin abin sha ne gidan rawa yake samun mafi yawan ribarsa. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, amma gidan da ke biyan hayar dubban Yuro duk wata ba ya iya sauyawa da saurin da jama'arsa ke yi. Yaƙin Gaza ma ya raba kan masu harkar: daga watan Janairun 2024 wasu makaɗa na ƙasashen waje sun shiga kamfen ɗin Strike Germany, suka ƙaurace wa wasu taruka a Jamus bisa zargin ana toshe bakin masu goyon bayan Falasɗinawa.

Maƙwabta ma suna da hujja

Ba kowane mazaunin Berlin ne ke zubar da hawaye idan gidan rawa ya rufe ba. Ma'aikaciyar jinyar da za ta fita aiki da asuba, ko dattijon da ya shekara arba'in a unguwa, suna da haƙƙin barci, dokar ƙasar kuma ta ware ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a matsayin lokacin rage ƙara. Yankin gadar Warschauer da filin RAW sun yi ƙaurin suna wajen shara da sane da fataucin ƙwaya. Shan miyagun ƙwayoyi a gidajen rawar ba ɓoyayyen abu ba ne, har ta kai birnin ya buɗe cibiyoyin gwajin ƙwaya kyauta a 2023, domin mai sha ya san abin da ke cikin abin da ya saya. Masu goyon baya na cewa hakan yana ceton rai, masu adawa kuma na ganin hukuma ta sallama ne. Haɗarin taron jama'a ma ba a manta da shi ba: mutum 21 ne suka mutu a turmutsitsin Love Parade a birnin Duisburg a 2010, daga nan bikin ya tsaya.

Sai dai korar gidan rawa ba ta cika mayar da unguwa ga talakan da ke cikinta ba. A gaɓar Spree, abin da ya maye gurbin rumbunan ajiya ofisoshi ne da otel-otel da gidajen alfarma. Mai sana'ar walda da mai ƙaramin kanti da mai gidan rawa duk hayar kasuwanci suke biya, kuma guguwa ɗaya ce ke kwashe su.

Waɗanda suka tsira

Idan aka duba gidajen da ke tsaye da ƙafafunsu, za a ga abu ɗaya ya haɗa su, wato tabbacin wurin zama. Masu gudanar da Berghain sun sayi gininsu, don haka babu mai aiko musu da takardar tashi. Mutanen da suka rasa gidan Bar 25 a 2010 sun ɗauki darasi: a 2012 wata gidauniyar fansho ta ƙasar Suwizalan mai suna Abendrot ta sayi filin Holzmarkt da ke bakin kogi, ta ba ƙungiyar haɗin gwiwarsu hayarsa na shekara 75. A yau wurin yana da gidan rawa da gidan burodi da makarantar renon yara da ɗakunan masu sana'a. Gwamnatin birnin ita ma ta sauya manufa, ta rage sayar da filayenta ga wanda ya fi tayi, ta koma bayar da su haya mai dogon zango.

Wasu biranen sun bi ta hanyar naɗa jami'i na musamman. Amsterdam tana da magajin garin dare, Landan ta naɗa mai kula da harkokin dare a 2016, New York ta buɗe ofishinsa a 2017. Irin waɗannan ofisoshi suna sasanta masu gidajen rawa da maƙwabta da ’yan sanda, amma babu wanda ke da ikon hana farashin fili tashi.

Darasin Berlin bai tsaya ga rawa ba, kuma wanda ya san halin da masaƙun Kakuri a Kaduna ko wasu masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suka shiga zai gane shi, ko da abin da zai dace da waɗancan gine-gine ya sha bamban da na Jamus. Ginin masana'antar da ya mutu ba ya zama kango har abada. Wani mai ƙaramin ƙarfi ne yakan fara shiga ya raya shi, kuma ranar da wurin ya yi daraja, takardar mallaka ce ke magana. Berlin ta sami shekara kusan goma sha biyar da filayenta ke da araha, lokacin da za ta iya keɓe wasu ga masu raya su, amma ta zaɓi sayarwa domin biyan bashi. Yanzu da take son riƙe abin da ya yi mata suna, sai ta saye shi da farashin da sunan nata ya jawo.